Akwatin Gwaji Iri Ɗaya Don Maimaita Gwajin Haɗewar Sanyi: Mu Shiga Ko Mu Bari?

Injiniya Bala, Zuru:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai shawarar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, yau dai na ga gara in baje ta a faifai domin masu ilimi su tankaɗe ta. Kun san labarin abin da ya faru ranar 23 ga Maris, 1989, lokacin da Martin Fleischmann da Stanley Pons suka tara 'yan jarida a Jami'ar Yuta da ke Amurka, suka ce sun tsoma sandar faladiyam da wayar filatinam cikin ruwa mai nauyi, wato ruwan da ke ɗauke da diyuteriyam (wani nau'in haidurojin mai nauyi) a madadin haidurojin da aka saba, suka sa musu wutar lantarki na tsawon makonni, sai kwalbar ta riƙa fitar da zafin da ya zarce wutar da aka ba ta. Suka ce ba su ga abin da zai bayyana wannan rarar ba sai dai ƙwayoyin diyuteriyam ne ke haɗewa a cikin ƙarfen, irin haɗewar da ke kunna rana, amma a kan tebur, ba tare da zafin digiri miliyan 15 na tsakiyar rana ba, abin da ake kira haɗewar sanyi ke nan. Tun daga ranar ake jayayya. Wani ya ce ya maimaita ya gani, goma su ce sun maimaita ba su ga komai ba, sai mai gani ya ce ai ƙarfenku ba irin nawa ba ne, marasa gani su ce ai ma'auninka ne ke yi maka ƙarya.

Shawarata ita ce, me zai hana a haɗa akwatin gwaji iri ɗaya, kamar guda goma, kowanne da kwalba iri ɗaya, da faladiyam da aka yanko daga sanda ɗaya, da ruwa daga gora ɗaya, da takardar umarni ɗaya, a raba wa ɗakunan gwaji na Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato da Gusau da Zariya? Idan kowa ya auna da mudu ɗaya, gardama ta ƙare. Ina da masu walda da masu ƙira da na amince da aikinsu, kuma a shirye nake in ɗauki nauyin samfurin farko.

Malam Ɗanjuma, Jega:
Wa alaikumus salam. Injiniya, da girmamawa nake faɗa, wannan rijiya ce da manya suka haƙa suka tarar da dutse. Tun watan Mayun 1989, a taron masana fiziks na Amurka da aka yi a Baltimo, Nathan Lewis da Steven Koonin na jami'ar Caltech suka bayyana cewa masu binciken jami'arsu sun yi ta gwadawa ba su samu komai ba. Cibiyar Harwell ta Ingila ta kwashe watanni tana yi da kayan aiki na gani na faɗa, ita ma ta tashi hannu rabbana. Kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa ya ba da rahoto a Nuwamban shekarar cewa hujjar ba ta gamsar ba, aka sake zama a 2004 aka tashi kusan a kan wannan matsaya. Jafan ta zuba kuɗi daga 1992 zuwa 1997 ta rufe shirin. Ɗakin binciken da aka buɗe wa Pons da Fleischmann a Faransa da kuɗin da ke da alaƙa da Toyota an rufe shi a 1998. Mu da makarantunmu na sakandare da yawa ba su da ko kwalbar gwaji mai lafiya, a ganina kuɗin nan ya fi dacewa a sayi batir da farantin sola a sa wa yara.

Injiniya Bala, Zuru:
Malam Ɗanjuma, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba. Sai dai ka tsaya a 2004, alhali maganar ba ta tsaya nan ba. Kamfanin Google ya kashe kimanin dala miliyan 10 daga 2015, ya tara masu bincike kusan 30 daga jami'o'in Amurka da Kanada, suka buga sakamakonsu a mujallar Nature a watan Mayun 2019. A 2023 kuma hukumar ARPA-E ta gwamnatin Amurka ta raba dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin bincike takwas a kan wannan fanni. Mutanen da ke ƙirga kuɗinsu haka ba sa zuba shi a abin da suka tabbatar gawa ne.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:
Injiniya, na ji daɗi da ka kawo aikin Google, domin shi ne ya fi kowane kusa da abin da kake nufi, amma ya kamata zaure ya ji ƙarshensa: ba su ga haɗewar sanyi ba. Abin da suka fita nema tun farko shi ne gwaji guda ɗaya tak wanda za a iya rubuta shi dalla-dalla, kowane ɗakin bincike ya bi ya samu abu ɗaya, kuma ba su same shi ba. Abin da suka samu shi ne ingantattun na'urorin auna zafi da ƙarin fahimtar yadda haidurojin ke shiga ƙarfe, sannan suka faɗa a fili cewa yanayin da ake cewa abin yana faruwa a cikinsa yana da wuyar kaiwa ƙwarai.

A nan ne matsalar akwatinka take, kuma ina roƙon a karanta wannan da natsuwa. Akwatin gwaji iri ɗaya yana amfani ne idan an riga an san abin da ke sa gwajin ya yi. To a wannan fanni ko waɗanda suka yi imani da shi ba su san wannan ba. Michael McKubre, wanda ya shafe shekaru yana aikin a cibiyar SRI ta Kalifoniya, ya ce ba ya ganin rarar zafi sai faladiyam ya sha diyuteriyam har ya kai kusan ƙwaya tara a kan kowace ƙwaya goma ta ƙarfen. Kai wa wannan mataki aiki ne ja, saboda ƙarfen yana kumbura yayin da yake sha, ya tsattsage, iskar ta tsere ta tsagar kamar yadda ruwa ke tsiyayewa daga fasasshen tulu. Sanda biyu daga kamfani ɗaya, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta zubar. Fleischmann kansa ya riƙa jaddada wani nau'in faladiyam na kamfanin Johnson Matthey, yana cewa shi ne ya fi ba shi sakamako. Saboda haka idan ka yanka sanda ɗaya gida goma ka raba, kuma duk goman suka tashi ba komai, masu imani za su ce sandar ce ba ta da kyau, mu koma inda muka fito. Ka daidaita kwalba da waya da takarda, amma abin da ake zargin shi ne jigon lamarin, wato halin cikin ƙarfen, ba ka da yadda za ka daidaita shi, domin ba wanda ya iya faɗa maka siffarsa.

Kuma ba yau aka fara gwada wannan dabara ba. A tsakiyar shekarun 1990 wani kamfani a Amurka mai suna CETI ya fitar da akwatunan bincike bisa ƙirƙirar James Patterson, waɗanda ke ɗauke da ƙananan ƙwallayen roba da aka lulluɓe da nikel da faladiyam. Da ƙwallayen farko suka ƙare, waɗanda aka sake yi ba su ba da abin da aka ce na farkon sun bayar ba, maganar ta mutu. A wajajen 2006 zuwa 2007 an yi wani yunƙuri da aka kira aikin Galileo, inda ƙungiyoyi da dama suka bi umarni guda don maimaita gwajin Stanislaw Szpak da Pamela Mosier-Boss na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka da ke San Diyego. Sun yi amfani da wata roba mai suna CR-39 wadda ƙwayoyin nukiliya ke bar wa tabo. An ga tabo, sai gardama ta koma kan ko ƙwayoyin nukiliya ne suka yi shi ko kuwa sinadaran cikin kwalbar ne suka ci robar. A 2019 kuma Tadahiko Mizuno na Jafan ya wallafa cikakken tsarin wata na'urarsa ta ragar nikel da aka goga wa faladiyam, ya ce kowa ya gwada, waɗanda suka bi tsarin ba su kai ko kusa da zafin da ya ambata ba.

Nasiru, ɗalibin fiziks:
Allah ya ƙara wa Dakta lafiya. Ina da tambaya, ku gafarce ni idan ta yi ƙasa da matakin zauren. Idan auna zafi ne ke kawo rigima, me ya sa ba za a bar zafin a auna niyutiron, ƙwayoyin nukiliyar nan marasa caji, kawai ba? An koya mana cewa idan diyuteriyam biyu suka haɗe niyutiron na fita.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:
Tambayarka ita ce ta fara rusa lamarin a idon masana, Nasiru. A haɗewar diyuteriyam da aka sani, kusan rabin lokaci ana samun hiliyam-3 da niyutiron, ɗaya rabin kuma tiritiyam da furoton, samun hiliyam-4 kuwa abu ne da ba ya faruwa sai kamar sau ɗaya cikin miliyoyi. Da a ce zafin wat ɗaya kacal daga irin wannan haɗewa yake fitowa, da kwalbar tana feso niyutiron kimanin tiriliyan ɗaya a kowane sakan, wanda zai hallaka duk wanda ya daɗe tsaye a gabanta. Pons da Fleischmann sun yi watanni a gaban kwalabensu lafiya lau. Masu goyon baya sai suka ce ai wata sabuwar hanya ce da ke ba da hiliyam-4 da zafi ba tare da niyutiron ba, kuma Melvin Miles ya ba da rahoton ganin hiliyam yana tafiya tare da zafi. Matsalar ita ce akwai hiliyam a iskar da muke shaƙa, kimanin kashi biyar cikin miliyan, kuma yana ratsa gilashi a hankali, don haka raba na ciki da na waje sai ɗakin bincike mai tsada. Na'urar ƙirga niyutiron ma tana da nata sharrin. A watan Afrilun 1989 masu bincike na Georgia Tech sun sanar da cewa sun ga niyutiron, bayan 'yan kwanaki suka janye da kansu, domin sun gano na'urar tasu tana ƙirga ƙarya idan ta ji ɗumi.

Malam Usman, Argungu:
Ni dai na yi shekaru talatin da 'yan kai ina koyar da kimiyyar sinadarai kafin in ajiye alli, kuma zan ba ku labarin abin da ya same ni da hannuna, domin ina ganin zai amfani Injiniya.

Lokacin da labarin nan ya iso mu ta rediyo, ina matashin malami, jinina na tafasa. Ba ni da faladiyam ba ni da ruwa mai nauyi, amma na ce bari in ga ko zan iya auna zafin kwalbar da ake raba ruwa da lantarki a cikinta, don in san yadda abin yake. Na samo kwalbar zuma, na naɗe ta da auduga, na sa ta cikin kwali, na jona batirin mota, na tsoma ma'aunin zafi. Kwana uku ina rubuta lamba a littafi kowane rabin awa. A rana ta biyu da la'asar lissafina ya nuna kwalbar tana ba da zafi fiye da abin da na ba ta, har hannuna yana rawa wajen rubutawa. Da na kwana na tashi da asuba sai na tarar rarar ta ɓace, har ma ta koma giɓi. Abin da ya faru shi ne ɗakin rufin kwano ne, watan Afrilu ne, da rana zafin ɗakin ya haura digiri 40, kafin asuba ya sauko sosai, kwalba kuwa tana bin ɗakin a baya a baya kamar jela. Na kuma lura idan na ɗaga ma'aunin sama kaɗan kusa da wayar sai lambar ta hau, idan na nutsa shi ƙasa ta sauka, saboda ruwan bai gauraya ba. Daga baya na ji cewa rashin gauraya ruwa na cikin abubuwan da Lewis ya tuhumi gwajin Yuta da shi, ko da yake Fleischmann ya amsa cewa kumfar iskar da ke tashi tana gauraya nasa.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, bari in sa shi a lamba. A ce kana ba kwalba bolt 5 da rabin amfiya, wato wat 2.5. Ba duka ne ke zama zafi ba, domin wani kaso yana tafiya wajen raba ruwan zuwa iska biyu, diyuteriyam da oksijin, da ke fita ta bututu. A ruwa mai nauyi ana cire bolt 1.54 a ninka da amfiya, wato wat 0.77, sai ka sa ran ganin zafin wat 1.73. To idan iskar nan biyu ba su fita ba, suka sake haɗuwa a cikin kwalbar a kan filatinam ko faladiyam, waɗanda dama aikinsu ke nan, wat 0.77 ɗin nan zai dawo maka a matsayin zafi, kai kuma ka riga ka cire shi a lissafi. Nan take za ka ga rarar da ta haura kashi 40 cikin ɗari na zafin da ka sa ran gani, ka ɗauka ka kama rana a kwalba, alhali ruwa ne ya koma ruwa.

Don haka ɗana Bala, mudun da ka ambata shi ne maganar, amma ka sa shi a inda bai dace ba. Kai kana son daidaita hatsin, ni kuwa ina cewa a fara daidaita mudun. Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a kasuwanni biyu ya san tiya ba ɗaya ba ce, wata an bubbuga gindinta ya shige ciki, wata an buɗa bakinta. Kafin ka tambayi ɗakunan gwaji goma ko sun ga rarar zafi, ka fara tambayarsu ko sun iya auna zafin da ka san adadinsa.

Malama Rabi, Yauri:
Baba Malam ya taɓo abin da muke yi kullum a ɗakin gwajin asibiti. Ɗan katin gwajin zazzabin cizon sauro da kowa ya sani yana da layi biyu, ɗaya na cuta, ɗaya na shaida. Idan layin shaida bai fito ba, ko layin cuta ya fito ɓaro-ɓaro jefar da katin muke yi, saboda bai nuna mana yana aiki ba. Haka kuma akan aiko mana da samfurin da ba a faɗa mana abin da ke cikinsa ba, mu gwada mu mayar da amsa, sai daga baya a sanar da mu ko mun dace. Ma'aikacin da ya san amsar da ake so, idonsa yakan ga layin da babu shi, ba don yana maƙaryaci ba, sai don zuciya tana jan ido. Idan za a yi akwatin nan, ina ba da shawarar kwalaben su zo a rufe da lamba kawai, mai aunawa bai san wacce ce ta gaske wacce ce ta shaida ba.

Alhaji Sani, Kamba:
Ni ba masanin kimiyya ba ne, manomin shinkafa ne, an sa ni a zauren nan ne saboda injinan ban-ruwa na sola. Amma abin da Malama ta faɗa haka malaman gona ke yi idan sun kawo sabon iri: su shuka shi gefe da gefe da wanda muka saba, taki ɗaya, ruwa ɗaya, a gonaki da yawa, sannan a auna buhu. Tambayata ga Injiniya ita ce, nawa abin zai ci, kuma idan an gama ba a ga komai ba, me ya rage a hannunmu? Idan amsar ita ce babu, ina bayan Malam Ɗanjuma.

Injiniya Bala, Zuru:
Na karanta jawabin Dakta da na Baba Malam sau biyu, kuma gaskiya sun sauya mini tunani a kan tsarin, ko da yake ba su raba ni da niyyar ba. Ga yadda nake ganinsa yanzu. Akwatin farko kada a sa masa faladiyam ko ruwa mai nauyi sam. A yi shi ma'aunin yawan zafi zalla: kwalba a cikin tukunyar alminiyam mai kauri, ruwa yana zagaya ta da ɗan famfo, ana auna zafin ruwan da ke shiga da na wanda ke fita, ƙaramar kwamfuta irin Arduino tana rubuta lambobin a kati dare da rana. A cikin kowace kwalba a binne 'yar wayar dumama wadda wani mutum ɗaya, da ba ya cikin masu aunawa, zai saita ta ta riƙa ƙara zafin da shi kaɗai ya san adadinsa, wata kwalbar kashi ɗaya cikin goma na wat, wata rabin wat, wata kuma ba komai. Ɗakin gwajin da ya gano adadin daidai, kuma bai ga rara a kwalbar da ba ta da komai ba, shi ne ya cancanci a ba shi akwati na biyu.

Alhaji, amsar tambayarka ke nan. Ko ba a taɓa zuwa akwati na biyu ba, za a bar ɗakunan gwaji da na'urar da za ta auna zafin da batirin sola ke ɓatarwa, da ƙarfin gawayin ɓuntun shinkafa, da ingancin murhu mai tsimin itace, tare da ɗalibai da suka iya aikin. Kuɗin wannan mataki bai kai na biyu ba ko kusa, domin faladiyam ƙarfe ne mai tsada da ake sayarwa da awo irin na zinariya, kuma shi ne ba za mu saya ba tukuna.

Malam Ɗanjuma, Jega:
Idan haka ne, abin da kake ginawa darasin awo ne, ni kuma ba ni da ja a kan darasin awo. Abin da nake tsoro shi ne sunan. Ranar da aka ji cewa wasu malamai a Kebbi suna gwajin haɗewar sanyi, washegari za ka ga an yaɗa a Facebook cewa an ƙirƙiro wutar da ba ta ƙarewa, jibi kuma wani ya fara karɓar kuɗin mutane da sunan hannun jari. Mun ga yadda ta kaya da Andrea Rossi na Italiya, wanda ya fito da na'urarsa E-Cat a 2011 bai yarda a buɗe cikinta ba, har shi da kamfanin Amurka da ya zuba kuɗi suka kai ga kotu a 2016, aka sasanta a 2017, na'urar kuwa ba ta shiga gidan kowa ba. Jama'armu suna cikin ƙishin wuta, mai ƙishi kuwa ba ya tsayawa duba ruwa. Sharaɗina shi ne a rubuta tun yanzu, kafin a kunna komai, adadin rarar da za a kira sakamako da adadin da za a kira kuskuren awo, kuma a yi alkawarin wallafa duk lambobin, har na ɗakunan da ba su ga komai ba.

Dakta Hadiza, Birnin Kebbi:
Wannan sharaɗi na Malam Ɗanjuma na sa hannu a kansa ɗari bisa ɗari. Akwai ma waɗanda suka yi irin haka: bayan rasuwar Fleischmann a 2012 wasu masu sa kai sun kafa ƙungiya da sunansa, suka riƙa sa lambobin gwajinsu a intanet kai tsaye kowa na gani, ciki har da ƙoƙarin maimaita gwajin wayar Francesco Celani. Ba su kawo hujjar da ta rufe bakin kowa ba, amma hanyar tasu abin koyi ce.

Sai dai ina da gargaɗi biyu game da akwati na biyu, in Allah ya kai mu. Na farko rai ne. Kwalbar da aka rufe ruf tana tara diyuteriyam da iskar oksijin wuri guda, kuma idan abin da aka sa don ya mayar da su ruwa ya jiƙe ya daina aiki, kwalbar ta zama bam. A watan Janairun 1992 irin wannan kwalba ta fashe a SRI ta kashe mai bincike ɗaya ta raunata wasu, har da McKubre, kuma waɗannan ƙwararru ne. Ba zan yarda a miƙa wa ɗalibi rufaffiyar kwalba ba sai da bawul ɗin sakin iska da garkuwa a gabanta. Na biyu, ruwa mai nauyi ba kayan da ake saya kamar gishiri ba ne, domin ana amfani da shi a wasu tashoshin nukiliya irin na Kanada, ƙasashe suna sa ido a kan fitar da shi, don haka sai an fara zama da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya kafin a yi odar ko cokali ɗaya. Yana kuma tsotsar danshin iska ya gurɓace da ruwan yau da kullum, wanda ke nufin buɗe gorarsa a watan Agusta a Yauri ba daidai yake da buɗe ta a watan Janairu a Kamba ba. Batun ƙirga niyutiron kuwa kada mu ma fara shi da kanmu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana gudanar da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, su ne ke da kayan da hannun.

Nasiru, ga wani abu da zai ba ka sha'awa. A 2025 ƙungiyar Curtis Berlinguette ta Jami'ar British Columbia, wanda yana cikin jagororin aikin Google, ta wallafa a Nature cewa sun harba diyuteriyam cikin faladiyam da wata 'yar na'ura ta kan tebur, suka ƙirga niyutiron, sannan da suka ƙara ɗura wa ƙarfen diyuteriyam ta hanyar lantarki daga ɗaya gefen, haɗewar ta ƙaru da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wannan ba haɗewar sanyi irin ta 1989 ba ce, kuma makamashin da ya fito ɗigo ne a kan wanda aka zuba, amma an kashe an kunna an ga bambanci, wani kuma zai iya bin sawu.

Nasiru, ɗalibin fiziks:
Na gode ƙwarai, Dakta. Idan an amince, ni da abokaina biyu za mu so mu ɗauki rubuta manhajar da za ta adana lambobin a matsayin aikinmu na shekarar ƙarshe, in malamanmu sun yarda. Abin da ke damuna shi ne wuta. Awon zai ɗauki makonni ba yankewa, kuma na taɓa rasa bayanan kwana huɗu lokacin da aka ɗauke wuta cikin dare, kafin a tayar da janareta kwamfutar ta mutu.

Alhaji Sani, Kamba:
Wannan kam ɓangarena ne. Kada a jona shi da wutar gari ko janareta ko kaɗan. Faranti biyu na sola da batir mai kyau guda ɗaya sun ishi abin da bai wuce cin ƙwan fitila biyu ba, kuma na ɗauki nauyin na akwatin farko. Sai dai a lokacin hunturu a sa yaro ya riƙa share ƙurar farantin kowace safiya, in ba haka ba cajin zai ragu ba ku sani ba.

Malam Usman, Argungu:
Allah ya yi muku albarka. Saura wurin ajiyewa, kuma kada ku maimaita kuskurena na ɗakin kwano. Na'urar sanyaya ɗaki ba za ta cece ku ba, domin tana kamawa tana saki, kowane kamu kuma sai ya bayyana a lambobinku. Ku nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro, wanda ba ya kallon yamma, ku sa akwatin cikin babbar randa ko duro mai cike da ruwa, ruwan ya zama shi ne ke karɓar sauyin dare da rana kafin ya iso kwalbar. Ku rataya ma'aunin zafi ɗaya a ɗakin, ɗaya a cikin randar, a riƙa rubuta su tare da sauran. Ina da irin wannan ɗaki a bayan gidana da ba kowa a ciki, idan Injiniya ya ga dama a fara gwada samfurin a nan, mako biyu ba tare da an kunna wayar ɓoye ba, mu ga ko zai iya nuna mana sifiri.

Injiniya Bala, Zuru:
Na karɓa da hannu biyu, Baba. Zan zana tukunyar da hanyar ruwan in turo wa Dakta ta duba kafin ranar Juma'a. Malam Ɗanjuma, tunda kai ne ka fi kowa shakka a cikinmu, ina roƙon kai ne za ka saita wayoyin ɓoye ka riƙe lambobinsu a ambulan, kada ko ni in sani.

Malam Ɗanjuma, Jega:
Na amince, bisa sharaɗin da na faɗa, kuma a rubuta shi a takarda kowa ya sa hannu kafin in taɓa waya ko ɗaya. Malama Rabi ta riƙe kwafi na biyu na ambulan ɗin a Yauri, saboda kada amanar ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Injiniya, ka turo mini girman bakin kwalbar da tsawonta, domin in san irin wayar da zan nema idan na shiga Sakkwato ranar Litinin.